Kulocin Hannu na Yaya Gimba

Ranar da muka gwada kulocin hannun nan a Danchuwa, mu biyar ne a wurin in ba a sa 'yan kallo ba. Akwai Yaya Gimba, mai tuƙa taraktar, wanda ƙafarsa ta hagu ta daina lanƙwasuwa. Akwai ƙanensa Alhaji Maina, dillali a Kasuwar Shanu, wanda da dukiyarsa aka saye ta. Akwai Sande mai walda, Kirista ne mutumin kudu, amma a Potiskum ya yi furfura. Akwai Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa, wanda ku kuka sani da Oga. Sai ni, Adama. Abin da ya tara mu ɗaya ne. Ko dai Gimba ya iya tsayar da taraktar da hannunsa, ko Alhaji ya sayar da ita ga wani mutumin Damagum da ya daɗe yana zawarcinta, shi kuma Gimba ya koma zaman tabarma har ƙarshen ransa.

Kafin in kai ku can sai na faɗi abin da ke raina. Kullum ina zaune a ƙofar gida ina kallonku, ku yaran gareji. Mota ta zo, ku kwance, ku aika kasuwa a sayo sabo a kwali, ku ɗaura, ku goge hannu ku koma kan waya. Kwanan baya na ji ɗayanku yana cewa aikin kuloci ai kwance noti ne da ɗaure noti. Ni ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa, amma na tsufa da faifan kuloci a kan cinyata, saboda haka ku saurara. Kuloci faifai ne na ƙarfe, kusan faɗin faifan rufe ƙwarya, an liƙa masa lainin, wato shimfiɗa mai kaushi da ke sa ya kama, gaba da baya. Yana matse tsakanin inji da giya. In ya kama, tarakta ta tafi. In an taka, ya saki, inji na ta kuka amma taya ba ta juyawa. Lainin ɗin ne ke cinyewa, kuma a zamaninmu ba a yar da faifai don lainin ya cinye. Sabo ake buga masa da ribit, wato 'yan ƙusoshin da ake baje wa baki. Wannan shi ne aikina.

Faifan farko da na taɓa na wata tarakta ce mai jan tankin ruwa zuwa Kasuwar Shanu. Yaran Malam sun fasa masa lainin har sau biyu, ya shigo da shi gida cikin fushi ya jefar a gindin turmi. Ni 'yar maƙera ce, a Danchuwa aka haife ni, tun ina ƙarama nake zuga wa babanmu wuta. Ba a ba 'ya mace guduma a maƙera, amma ba a hana ta kallo. Da Malam ya fita da safe na ɗauko faifan na buga. Da ya dawo ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya kara a kunne, sannan ya zauna ya warware aikin gaba ɗaya a gabana. Ya ce hannun yana da kyau, amma na bi ribit ɗin a jere kamar mai ɗinkin hula, shi ya sa faifan ya karkace. In ka buga ɗaya nan, sai ka tsallaka ka buga wanda ke fuskantarsa. Damina guda bai ƙara bari na buga sabo ba, cire tsofaffi kawai nake yi. Wannan ne koyon aikina, kuma ban taɓa jin ya yi mini yawa ba.

Kayan aikina ba su cika ƙaramin kwando ba. Guduma mai kai kamar ƙwai. Ƙusoshin bugu biyu da babanmu ya ƙera mini, ɗaya ta fitar da tsohon ribit, ɗaya ta baje bakin sabo. Magagari. Guntun ƙarfen babbar mota da aka kafa a kututture, shi ne maƙerata. Sai ɓallin gilashin mota da nake kwantar da faifai a kai in ga ko ya kwanta daidai. Ribit na jan ƙarfe ake sa wa, ba na baƙi ba, domin baƙin ƙarfe in lainin ya cinye sai ya shiga cin inji. Kan ribit kuma dole ya nutse cikin lainin, in kin shafa da yatsa kada ki ji shi. Kafin in taɓa sabon lainin sai na wanke hannu da toka, saboda ɗigon mai ɗaya ya isa ya sa kuloci santsi. Ran da zan yi aiki ko ƙuli-ƙuli ba na ci. Ƙurar tsohon lainin tana sa tari, sai in jiƙa mayafi in ɗaure hanci.

Wata tarakta ta mutanen Damagum ce ta fara fito da ni gareji, lokacin na aurar da 'yata ta fari, fita ba ta zama abin magana ba. Ku da kuka saba da ƙananan motoci ba ku san cewa tarakta raba ta biyu ake yi kafin a kai ga kuloci ba. A tokare gaba da kututture, a tokare baya, a kwance ta a tsakiya, a tura rabin baya kamar an yanka rago an raba. Wurin haɗawa ne ake gane makaniki. In faifan bai zauna a tsakiya cif ba, sai ku wuni kuna turawa ba ta haɗu ba. Malam yana da wata tsohuwar ƙotar fartanya da ya fere daidai ramin, ita yake zurawa ta riƙe faifan. Ranar nan ƙotar ta ɓata, yara suka yi ta fama har azahar, daga baya aka same ta a murhun mai shayi, saura kaɗan ta shiga wuta. Malam bai daki kowa ba, amma mako guda ba wanda ya sha shayi a garejin.

Masu kawo aiki kuwa na san halinsu tun kafin in ga fuskarsu, faifan ne ke gaya mini. Wanda ke ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafe yana hira, lainin ɗinsa sai ya yi ƙyalli kamar bayan cokali, yana warin ƙonannen ƙaho. Wanda ke fizgar kaya fiye da ƙarfin tarakta, nasa a tsattsage yake zuwa. Kowannensu kuma zai rantse maka jiya-jiyan nan ta fara. Rani guda tarakta tana ajiye a ƙarƙashin bishiya ba mai tunawa da ita, ran da hadarin farko ya haɗo sai su cika mana zaure, kowa yana so a gama masa yau. Duk da haka ina kewarsu. Mutum zai zo da ƙwaryar nono ko damin rake, ya zauna a zaure yana jin ƙarar gudumata daga cikin gida, yana ce wa Malam a gaida mai aikin.

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana iya gwiwa ita ce ta karya sana'ar. Da damina ta zagayo ba mai ƙarfin kiran tarakta, kowa ya koma fartanya. Taraktoci suka zauna har kaji suka yi ƙwai a kan kujerunsu, faifan ya yi tsatsa ya manne da inji. Yaran Malam suka watse, wasu suka koma lodin shanu. Ni kuma na koma buga wa bokiti hannu da toshe tukwanen da suka huje. Da abin ya fara dawowa ba lainin a kasuwa, sai in yanko daga na manyan motoci in rage shi da magagari, ribit kuma in datsa daga tsohon bututun jan ƙarfe. Taraktoci da yawa da na sani kamar 'ya'yana a lokacin suka tafi hannun masu sayen tsohon ƙarfe.

Jar taraktar su Gimba tana cikin kaɗan ɗin da suka tsira. Alhaji Maina ya saye ta bayan wannan shekarar ya danƙa wa yayansa. Shi Gimba da shanun huɗa ya tashi, da su ya yi noma da jan amalanke har gemunsa ya yi fari, sannan ya koyi tarakta, kuma ya iya. Yana cikin haka wani bijimi ya matse shi da jikin mota a Kasuwar Shanu, gwiwar hagu ta dagargaje. An yi ɗori, ƙafar ta warke a miƙe kamar tabarya. Da ƙafar hagu ake taka kuloci. Damina guda ya yi yana zaune yana kallon wani direban haya yana wasa da taraktar, har ya ƙone mata faifai aka kawo mana. Sai ga Gimba da kansa a kan amalanke. Ya ce wa Malam hannuwansa biyu lafiya lau suke, ba yadda za a yi a mayar da matakin kulocin nan sama?

Na buga sabon lainin, Malam ya haɗa ta. Sande ya samo bututun ƙarfe ya liƙa shi a jikin matakin kulocin, ya miƙe tsaye gefen kujera ta hagu. In ka tura sandar gaba, kamar ka taka ne, tarakta ta tsaya. In ka dawo da ita baya, ta kama ta tafi. Aiki ne mai tsabta, ni ma na duba ban ga aibinsa ba. Malam ya yi ta nanata wa Gimba: tura ta tsaya, jawo ta tafi. Gimba ya ce ya ji.

Da hantsi muka gwada, a filin bayan gidajensu, ruwan farko ya riga ya sauka ƙasa ta yi laushi. Aka tallafa masa ya hau. Ya tashe ta, ya yi gaba, ya juyo, ya tsaya, ya sake tashi, fuskarsa kamar ta ango. 'Yan kallo har sun fara tafa masa. Sai wata akuya ta tsinke daga turke ta gilma masa. Gimba ya fizgo sandar nan zuwa ƙirjinsa da dukkan ƙarfinsa, ya daka tsawa: "Goshi!" Dama sandar a baya take, ba inda za ta ƙara zuwa. Taraktar ta ci gaba da tafiyarta. Akuyar ta sha, amma rumbun da ke bakin filin bai sha ba. Kafin Malam ya ruga ya kashe injin, ta tsaga shi ta karkatar da shi gefe.

Ba wanda ya ji ciwo. Alhaji Maina ya zo ya tsaya a gindin taraktar, ya yi magana a hankali. Ya ce, "Yaya, ya isa haka. Yau akuya ce da rumbu. Gobe ɗan wani ne." Ya ce mutumin Damagum zai zo gobe da safe, a bar maganar nan. Kada ku ɗauka mugu ne. Shi ya yi jinyar ƙafar nan, shi ke ciyar da gidan. Gimba yana zaune a sama, hannunsa na riƙe da sandar har lokacin.

Sande ne ya tambaya, da Hausarsa mai karairayewa, wai wane ne Goshi. Wani dattijo cikin 'yan kallo ya ce tsohon bijimin Gimba ne, an daɗe da cinye shi. Wurin ya ɗauki dariya, wani ya ce ashe taraktar ba a raɗa mata suna ba shi ya sa ba ta amsa ba. Ni ban yi dariya ba. Tunda aka fara kowa taya yake kallo, ni hannun mutumin nake kallo.

Na jira Malam ya koma gefe, don ba a gaban mutane zan gyara masa aiki ba. Na ce, "Malam, sandar nan a baibai take." Ya ce ya gaya wa mutumin nan har bakinsa ya bushe. Na ce ya ji, kuma ya yi daidai duk lokacin da yake tunani. Amma wanda ya tsufa yana jan igiyar hanci in zai tsayar da shanu, in ya razana ja zai yi. Ƙafarsa ce ta koyi tarakta, hannun nan har yanzu yana wurin shanu. Malam ya tsuguna ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa. Can sai ya kira Sande. Ya ce a raba sandar da matakin, a yi mata wurin juyawa a tsakiyarta kamar jigon ban ruwa a lambu: in an jawo sama baya, ƙasa ta yi gaba ta danne matakin. Sande ya ce to in ya jawo ya saki don ya sa giya fa? Shi da kansa ya ba kansa amsa, ya ce yana da birkin hannu na wata tsohuwar mota, mai haƙora, wanda in an ja yake riƙewa sai an danna da babban yatsa.

Ni na je wurin Alhaji na roƙe shi ya ba mu zuwa la'asar. Ya ce ke ma 'yar maƙera kin shiga cikin masu rushe mana rumbu? Na ce rumbun ai dama gara ta gama da shi, mun rage masa aiki ne. Ya yi murmushi ya ce shi dai yana nan har yamma saboda masu gyaran rumbu, mu yi abin da za mu yi.

Sande ya yanke sandar ya ɗaure a bayan babur ya yi cikin gari. Malam ya kwanta a ƙarƙashin taraktar yana neman inda zai kafa ƙarfen juyawar, ya samu notuna biyu a jikin akwatin giya. Bayan azahar Sande ya dawo da abin yana ɗumi. Sai da aka cire aka mayar sau da yawa, domin da farko sandar tana bugun gwiwar Gimba, ga ƙafar ba ta kaucewa. Aka lanƙwasa ta waje kaɗan. Ni na daidaita wasanta. Kuloci dole a bar masa wasa, wato sanda ta yi tafiyar banza kamar faɗin yatsu biyu kafin ta fara dannawa. In ba wasa, faifan ba ya kamawa sosai, yana tafe yana ƙonewa. Wannan ma ban ga kuna dubawa ba.

Da la'asar aka kori yara, aka ɗaure awaki, Gimba ya sake hawa. Ya ja, haƙoran suka yi ƙara, ta tsaya. Ya danna ya saki a hankali, ta tafi. Ya yi ta yi har rana ta yi ja, ko sau ɗaya bai kuskure ba. Malam da Sande suka tafa. Alhaji bai tafa ba. Ya ce da safe ma ai haka ya yi ta yi daidai kafin akuya ta fito. Yanzu an share masa fili, ya san ana kallonsa, ya san inda zai tsaya. Ya ce ba zai mayar da baƙonsa a kan wannan ba. Malam ya so ya yi gardama, ni ban sa baki ba, domin gaskiya Alhaji ya faɗa. Abin da muka gyara ba a gwada shi ba tukuna. Gimba ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya yi huɗar gonarsa ta gindin tsamiya da sassafe kafin mai saye ya iso. Alhaji ya ce ya yi. Malam da Sande suka koma Potiskum, ni na ce zan kwana a gidan ƙanena.

Washegari bayan na yi sallah na ƙulle sifanar ɗaure noti a bakin zani na biya ta gidan Alhaji. Baƙon ya riga ya iso, suna shan koko. Na ce in sun gama su zo gonar su tsaya a gindin tsamiya, mai saye ya ga kayansa tana aiki. Ban ƙara komai ba.

A tsakiyar gonar akwai tarin karan bara da ba a kwashe ba. Na zagaya ta bayansa na tsuguna. Gimba yana ta kai da komo, garma a ƙasa, idonsa a kan huɗa, bai san da kowa ba. Na bari sai da na hango farar rigar Alhaji a gindin tsamiya, na bari taraktar ta juyo ta doso tarin karan. Da ƙararta ta cika mini kunne na miƙe na fito kan layinta, na juya mata baya, yadda yaro zai yi. Na bar tazarar da zan iya tsalle, amma ba mai yawa ba.

Ƙarar haƙoran na fara ji kafin muryarsa. Injin yana kuka, taya ta tsaya cak. Da na juyo sandar tana manne da ƙirjinsa.

Ya ce, "Adama, ashe ba ki da hankali?"

Na zagaya ta hagu na laluba aikin jiya, na samu noti ɗaya ya saki, na ɗaure. Da na ɗago, Alhaji ya kama hannun baƙonsa sun nufi bakin hanya, yana yi masa magana yana nuna masa inda ake tsayar da motar Damagum.

Na ce wa Gimba, "Saki a hankali, Yaya. Kada ka ƙone mini faifai."

Ya danna da babban yatsa, ta ɗauka. Na tsaya har ya kai ƙarshen gona ya juyo, sannan na bi cikin huɗar da ya ja na fita titi na tari motar Potiskum. Akwai faifan wasu mutane da ke jirana a gida.